Ziyartar Ɗan'uwa a Gidan Gyaran Hali: Haƙƙinta da Shirye-shiryenta

Tun daga shekarar 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta sauya Hukumar Gidajen Yari ta Nijeriya zuwa Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali, manufar tsare mutum a hukumance ta haɗa da gyara tarbiyyarsa da mayar da shi cikin al'umma, kuma wannan manufa ba ta cika idan an yanke alaƙarsa da danginsa. Ƙa'idojin Nelson Mandela, wato mafi ƙarancin sharuɗɗan kula da fursunoni waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a shekarar 2015, sun tanadi cewa a bar ɗaurarre ya riƙa ganawa da iyalansa da abokansa lokaci-lokaci, sun kuma hana a mayar da raba shi da iyali wani nau'in horo. Ke nan ziyara haƙƙi ce da aka amince da ita, sai dai cin moriyarta yana buƙatar shiri tun daga gida.

Matakin farko shi ne tabbatar da inda mutumin yake da matsayinsa a gaban shari'a, domin ana iya sauya wa ɗaurarre gida, kamar daga Kurmawa zuwa Goron Dutse a birnin Kano, ba tare da labari ya isa ga iyali da wuri ba. Ranaku da sa'o'in ziyara sun bambanta daga wannan gida zuwa wancan, haka kuma ana bambanta mai jiran shari'a, wato wanda kotu ta tsare kafin a yanke masa hukunci, da wanda aka riga aka ɗaure. Saboda haka ya dace a tuntuɓi ofishin walwalar fursunoni na gidan, ko lauyan da ke riƙe da shari'ar, kafin a kashe kuɗin mota daga ƙauye.

A bakin ƙofa, gandiroba yakan nemi shaidar mai ziyara, kamar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, ya rubuta sunansa da na wanda ya zo gani, sannan a karɓi wayarsa a ajiye, a caje jikinsa, mata su caje mata. Kayan da iyalai suka saba kawowa su ne garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da sabulun wanka da na wanki da silifas, waɗanda ba sa saurin lalacewa a ɗaki mai cunkoso da zafi. Idan dafaffen abinci ne, akan sa wanda ya kawo shi ya ɗanɗana a gaban jami'i, akan kuma tsaga burodi a tona tuwo da cokali, saboda an sha kama masu cusa tabar wiwi ko ƙwayoyi a cikinsu. Reza da wuƙa da kwalba da layin waya duk haramun ne, magani kuwa ta hannun ma'aikatan lafiya na gidan yake bi, kuɗi kuma a ofis ake ajiye su da sunan mai su. Babban abin kiyayewa shi ne karɓar saƙon wani a kan layi, domin duk wanda aka samu haramtaccen abu a hannunsa shi zai amsa tuhuma.

Shirin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne na shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Nijeriya masu jiran shari'a ne, waɗanda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 yake ɗauka a matsayin marasa laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka, kuma da yawansu suna daɗewa ne saboda babu mai bibiyar fayil ɗinsu. Mai ziyara da ya fito da sunan kotu da lambar ƙara da ranar zama na gaba da sharuɗɗan beli ya samu abin da zai kai wa lauya, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a wadda aka kafa a 1976 domin marasa galihu. Irin waɗannan bayanai suna da amfani a lokacin da babban alƙalin jiha yake zagayen rage cunkoso, inda akan duba shari'o'in da suka daɗe, a sallami waɗanda suka cancanta.

Akwai kuma shirin zuciya, domin ganawar gajera ce, ana yin ta cikin hayaniya a kan idon jami'ai, kuma mai ziyara yana iya tarar da ɗan'uwansa ya rame ko ƙuraje sun feso masa. Ya kamata a tsara abin da za a faɗa tun kafin shiga, a fara da labarin lafiyar iyaye da karatun yara, a guji tone-tone da alkawarin da ba za a iya cikawa ba, musamman game da ranar fita. Idan za a je da yara, a sanar da su gaskiya daidai da hankalinsu, a kuma gaya musu cewa wanda suka je gani ba zai biyo su gida ba a ranar.

Amfanin ziyara ya wuce bangon gidan, domin binciken da hukumar gidajen yarin jihar Minnesota ta Amurka ta fitar a 2011 ya nuna cewa yiwuwar a sake samun fursunan da aka riƙa ziyarta da babban laifi bayan fitarsa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Duk da haka, kunya da tsoron surutun unguwa suna hana iyalai da dama zuwa, alhali Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wajibi ne dangi su raba nauyin ziyara a tsakaninsu, hukuma kuma ta bayyana ranaku da ƙa'idojinta a fili, ta hukunta duk jami'in da ya nemi na goro kafin ya bar uwa ta ga ɗanta.