Ƙashin Salamanda Ba Takardar Haihuwa Ba Ce

Duk lokacin da aka tono wani tsohon ƙashi, sai kafofin labarai su yi caa, wai an gano ranar da halittar ta fara. Haka aka yi ta yayatawa a 2022, da masana suka bayyana ƙasusuwan salamanda masu shekara miliyan 166 daga tsibirin Skye na Sikotland. Salamanda dai siffar ƙadangare gare ta, amma 'yar'uwar kwaɗo ce, fatarta a jiƙe, babu ɓawo.

Abin da ƙashin ke faɗa kaɗan ne: a wancan zamanin dabbar tana nan. Yaushe ta fara? Ƙashi bai sani ba. Shekarun ma ba a jikinsa ake auna su ba, sai a duwatsun da suka rufe shi, musamman tokar aman wuta, inda yuraniyam ke rikiɗa ya koma dalma a hankali.

Shi ya sa lissafin ke ta ja da baya. Karaurus na Kazakistan, da aka bayyana a 1978, ya daɗe ana ɗaukarsa a matsayin kakan salamanda. A 2003 Gao Keqin da Neil Shubin suka fito da Chunerpeton daga Sin, mai shekara wajen miliyan 160. Sai a 2020 Rainer Schoch da abokan aikinsa suka sake duba Triassurus na Kirgistan, ɗan mitsitsin ƙashi da aka yi ta gardama a kansa tun 1978, suka ce dangin salamanda ne mai shekara kusan miliyan 230. Wato an ƙara shekara miliyan 60 da ɗoriya a zama ɗaya.

Ga kuma ɓangaren da ake tsallakewa, wato Afirka. Yau babu salamanda ko ɗaya a kudu da Sahara, sai can Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Amma da can akwai. An tono ƙasusuwan bayanta a In Beceten da ke jihar Tawa a Nijar, aka kuma samu wasu a arewacin Sudan, waɗanda aka raɗa wa suna Kababisha a 1996. Ta ina salamanda suka shigo Afirka, me kuma ya ƙarar da su? Har yanzu ana muhawara, don an tone Turai da Sin ciki da bai, yankin Sahel kuwa ɗan taɓa shi kawai aka yi. Masanan ƙetare ne suka tono, su ne suka rubuta.

Alhali jami'o'in Yamai da Sakkwato suna da sassan nazarin ƙasa. Hukumomi su fitar da kuɗin tono, a tura ɗalibai fili.