Wankin gidan tsofaffi ba irin wankin da muka saba ba ne



Shekara tara na yi ina wanki da guga a Agege kafin in samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi a nan Legas. Ranar da na fara, nas ɗin gidan ta zaunar da ni za ta yi mini bayani, ni kuma a raina ina cewa wanki ai wanki ne, mutumin da ya wanke shadda da leshin manyan mutane me za a koya masa? Kunne ɗaya na ba ta. Bayan kamar wata guda sai ga ƙaiƙayi tsakanin yatsuna da tsintsiyar hannu, da dare ba barci. Ƙazuwa ce. Wani dattijo aka kawo da irin mai ɓawon nan, ni kuma kullum sai in tattaro zannuwan gadonsa in rungume a ƙirji zuwa wurin wanki. Kafin in gane abin da ke damuna na riga na raba wa mutum uku da muke kwana ɗaki ɗaya.

Abin da ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu shi ne ina ganin yaranmu da yawa suna shiga irin wannan aiki a Legas da Ibadan da Fatakwal. 'Ya'yan tsofaffin suna ƙasar waje ko aiki ya yi musu yawa, sai su biya a kula musu da iyaye, masu gidajen kuma in suna neman mai wanki mu suke fara tunawa. Ban da haka, a unguwanninmu na Sabo akwai gidaje da dama da ke jinyar tsoho ko tsohuwa a kwance, wani shanyewar ɓarin jiki, wani ciwon suga. Wankin duk iri ɗaya ne.

Kayan kwastoma na waje, abin da ke jikinsu gumi ne da ƙura, sai ɗan manja. Kayan gidan jinya kuwa fitsari ne, bayan gida, amai, jini, da ruwan gyambon kwanciya. Kuma wanda zai sake kwanciya a kan zanen ba mai ƙarfi ba ne. Fatarsa ta yi laushi, wani da buɗaɗɗen miki a baya, wani da robar fitsari. Gudawar da saurayi zai yi kwana biyu ya miƙe, tsohuwa mai shekara 85 tana iya kai ta asibiti, ko ma fiye da haka. Mutum ashirin ne a gidan, kayansu duk ta hannunka suke bi. Ka ga in ka yi sakaci, kai ne kake ɗaukar cuta daga ɗaki na ɗaya kana kai wa ɗaki na goma, alhali zanen fari fat yana ƙamshin omo.

Aikin daga bakin gado yake farawa, ba daga baho ba. Kafin ka taɓa komai ka sa safar hannu da rigar leda ta gaba. Sannan ka duba gadon da ido, a hankali, kada ka cusa hannu cikin ninki. Abubuwan da na tsinta a cikin zannuwa ba su ƙirguwa: haƙoran roba, tabarau, ƙwayar magani da aka tofar, kuɗin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane, da allurar masu ciwon suga ba murfi. Allurar nan ita ce abin tsoro. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. Akwai rigakafinta, allura uku ce, kuma duk mai wannan aiki ya kamata ya yi. In tsautsayi ya sa allura ta soke ka, ka wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ka gaya wa nas nan take, ka je asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki in an wuce awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Kada tsoron kora ya sa ka ɓoye.

Sai kuma ɗabi'ar da ta fi ba ni wahalar bari, wato karkaɗe zane. Duk mai wanki hannunsa ya saba, da ka ɗaga sai ka kaɗa. A nan haramun ne. Kaɗawar nan tana watsa ɓawon fata da busasshen ƙazanta cikin iska, su sauka a kan kofin shayi, a kan gadon maƙwabci, a hancinka. Naɗewa ake yi daga gefuna zuwa tsakiya, dattin ya zama a ciki, ka riƙe nesa da jikinka. Ba a ajiyewa a ƙasa ko kan kujera ko da na minti ɗaya ne. Mazubin ake kawowa bakin gadon.

A nan bakin gadon kuma ake rarrabewa, don kada a sake zazzage kayan a ɗakin wanki ana tona su. Mu kashi uku muke yi. Akwai kayan da aka sa kawai, ba abin da ya ɓata su. Akwai waɗanda fitsari ko bayan gida ko jini ya taɓa. Akwai kuma na wanda aka san yana da cuta mai yaɗuwa, kamar gudawa da amai ko ƙazuwa. A Ingila irin waɗannan na ƙarshe a wata jar leda suke zubawa wadda bakinta ko ita kanta take narkewa a cikin injin wanki, mai wanki bai taɓa su ba sam. Mu ba mu da ita, sai muka yi dabarar jan bokiti mai murfi da leda a ciki, kowa a gidan ya san ja na nufin a yi hattara. Kada a cika leda har ta kasa ɗauruwa. Tsumman kicin da na goge ƙasa kuwa ba sa haɗuwa da kayan jiki, ko a jiƙo ko a inji.

In akwai bayan gida mai kauri a zane, a kankare shi da guntun kwali ko takardar masai a zuba a masai, a jefa kwalin a ledar shara. Abin da da yawanmu suke yi, su tara zanen a bakin famfo su buɗe ruwa da ƙarfi, shi ne mafi muni, domin feshin yana komawa fuska da riga, ruwan kuma ya gangara kwata. Wanda ya san yadda kwatocin Legas suke cika su shiga gidaje da damina, kuma ya tuna kwalarar da ta ɓarke a jihar a watan Yunin 2024, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwan wankin ƙazanta masai ake zuba shi. Jini kuma da ruwan sanyi ake fara ɗauraye shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zane.

To yanzu wankin kansa. Sabulu da cuɗawa suna fitar da mafi yawan datti da ƙwayoyin cuta, amma abin da ke kashe ragowar abu biyu ne: zafi ko bilic. Ƙa'idar da asibitocin Ingila suke bi ita ce ruwa ya kai digiri 65 ya tsaya a haka aƙalla minti 10, ko digiri 71 na aƙalla minti 3. Ka lura, 60 da ke rubuce a jikin yawancin injinan gida bai kai ko ɗaya ba, saboda haka zanen gado da tawul da suka ɓaci, in inji yana da 90, a can ake kai shi. Kuma kada a danƙara kaya, in inji ya cika maƙil na tsakiya ko jiƙa sosai ba sa yi. Na san matsalar: dumama ruwa yana cin wuta, Nepa ba tabbas, in a janareto ne Madam tana lissafin mai. Wasu injinan ma, irin masu baki biyun nan, ba sa dumama ruwa kwata-kwata. In haka ne sai a koma ga duro: a zuba tafasasshen ruwa da omo, a tsoma kayan, a juya da sanda a hankali ba tare da fantsama ba. Ba da hannu ba, ko da safa.

Bilic, wanda muka fi sani da Hypo ko Jik, shi ne wurin da aka fi yin kuskure, kuma ni ma na yi. Na farko, wanki ake fara yi sannan a jiƙa a bilic, domin ƙazanta cinye ƙarfinsa take yi. Na biyu, a ruwan sanyi ake haɗa shi. Na uku, awo ake yi, ba tsiyayawa da ido ba. Duba jikin roba, in an rubuta 3.5%, to kashi ɗaya na bilic ne cikin kashi 70 na ruwa, wato kamar babban cokali 10 a bokiti mai lita 10. Kayan su nutse ciki minti 30. In ana zargin kwalara haɗin ya fi haka ƙarfi, kashi ɗaya cikin 16 na minti 10, ko a tafasa kayan. Haɗin jiya ba ya aikin yau, kullum sabo ake yi. Atamfa da kaya masu launi bilic yana koɗar da su, su sai dai zafi da rana da guga.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da zarnin fitsari ya ishe ni, na ce bari in ƙara wa bilic ƙarfi, na tsiyaya ruwan wanke masai a ciki. Wallahi daƙyar na kai ƙofa. Ido na ruwa, ƙirji kamar an zuba barkono, tari har yamma. Haɗin nan iskar guba yake fitarwa, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kashe mutum. Bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwa. Ko a kan zanen da ya sha fitsari ba a zuba shi kai tsaye, sai an ɗauraye.

Ɗauraya ta ƙarshe a yi ta da kyau, sau biyu ko uku. Ragowar omo ko bilic a zane yana cin fatar tsoho, daga ja sai miki. Mu da muke kula da tsarki mun riga mun saba da wannan, tunda ruwa mai tsarki ne ke kawar da najasa. Sai dai a sani tsarkin sallah daban, kashe ƙwayar cuta daban. Zane yana iya halatta a yi sallah da shi amma yana ɗauke da ƙazuwa.

Shanya kuwa, nan ne Kudu ta bambanta da gida. A Kano ka shanya zane da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙayau. A Legas cikin watan Yuni sai ya kwana biyu yana danshi, kuma zanen da aka ninke da danshi fumfuna yake yi. Sai ya bushe sarai ake ɗauke shi, a rana in akwai, a kan igiya, ba a kan ciyawa ko ƙasa ba. Akwai wani ƙuda a wannan yanki da ake kira tumbu. Yana saka ƙwai a ƙasa da kuma jikin kayan da aka shanya a inuwa, musamman masu ɗan zarnin fitsari. In mutum ya sa kayan, tsutsar sai ta huda fata ta shiga, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Tsohon da ba ya iya magana ba zai ce maka wani abu na motsi a bayansa ba. Maganin abin dutsen guga ne mai zafi, kuma a nan ne sana'armu ta asali take amfani. Komai ake gogewa, ciki da baya: zanen gado, rigar filo, singileti, ɗan kamfai, tawul, a danna wurin ɗinki da kyau. Ko babu wuta, dutsen gawayi yana yi.

Game da ƙazuwar da ta koya mini hankali, ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba a jikin mutum yake ba, kuma zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi. Abin da ba ya wankuwa, kamar hula ko takalmin ɗaki ko bargo mai nauyi, a ɗaure shi a leda aƙalla kwana 3. Mu mukan bar shi mako guda. Kuma ranar da aka shafa wa mutum magani ranar ake kwashe kayansa duka, in ba haka ba an yi aikin banza.

Wankakkun kaya da masu datti kada su haɗu a hanya. Kwandon da ya kawo datti ba shi zai mayar da wankakke ba, teburin ninki ba a ɗora masa komai sai abin da aka goge. Ka cire safa, ka wanke hannu da sabulu, sannan ka taɓa busassun kaya. Ruwan goge hannun nan na kwalba ba ya kashe wasu ƙwayoyin gudawa, sabulu da ruwa ne abin dogaro. A adana kayan a kabad mai rufi, sama da ƙasa, saboda ɓera. 'Yan uwanmu da ke Ondo da Edo sun san zazzaɓin Lassa, kuma ta fitsari da kashin ɓera ya fi shiga mutane. Wani ƙaramin abu kuma da na ga yana da girma a wurin tsofaffin: kowa a mayar masa da kayansa. Muna rubuta suna ta cikin wuyan riga, inda ba a gani. Na taɓa ganin dattijuwa ta ƙi cin abinci yini guda saboda ta ga zanenta a jikin wata.

Kai kuma da za a ɗauka aikin, kafin ka yi cinikin albashi ka tambaya: akwai safar hannu mai kauri wadda ta kai gwiwar hannu? Akwai rigar leda, takalmin roba, da takunkumi na ranar da wani ke amai? In an ce babu, ka ce a saya, haƙƙinka ne, kuma gidan kirki ba zai ƙi ba. Kada ka ci abinci ko goro a ɗakin wanki. In kana da yanka ko tsagewar fata a hannu ka rufe da filasta kafin ka sa safa. Kayan aikinka kuma a can za su kwana, a can za a wanke su. Ni yanzu riga biyu nake da ita a wurin aiki, in na tashi sai na yi wanka na sauya kafin in hau mota zuwa Agege.