Ƙetare iyaka: takardun da ya kamata matafiyi ya tanada

Kowace shekara, da zarar an gama girbin gero, samari da ƴan kasuwa na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri sukan nufi Najeriya: wasu cin rani, wasu ziyarar dangi a Kangiwa, wasu cin kasuwar Bacaka cikin jihar Kebbi. Da yake Arawa ne ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar, mutane da yawa suna zaton ba a bukatar wata takarda. Wannan zato kuwa ya sha jefa talakawa cikin wahala.

Biza ita ce izinin shiga wanda wata ƙasa take ba baƙo, a ofishin jakadancinta ko a bakin iyaka. Ranar 29 ga watan Mayu na 1979, a birnin Dakar, ƙasashen ƙungiyar CEDEAO suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta yafe wa ƴan ƙasashensu biza har tsawon kwana 90. Amma an gindaya sharaɗi biyu: takardar tafiya wadda wa'adinta bai ƙare ba, da katin rigakafi, musamman na zazzaɓin shawara. Wanda zai zarce kwana 90, wajibi ne ya nemi izinin zama.

Dattawan Arewa ba su manta da shekarar 1983 ba. A watan Janairu, gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fita daga Najeriya. Sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa, waɗansu sun baro dukiyarsu. An kuma rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, daga 2019 zuwa 2020, sannan daga 2023 zuwa watan Maris na 2024.

Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, aka kuma fito da fasfon ƙawancen AES. A ranar ce CEDEAO ta sanar cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, har sai an yanke wata shawara. Don haka ya kyautu matafiyi ya tuntuɓi ofishin ƴan sanda kafin ya ɗaura kaya.

Tafiya mai nisa kuwa sai da fasfo da biza. Saudiyya tana bukatar fasfon da ya rage masa aƙalla wata 6, da shaidar rigakafin sanƙarau ga mai aikin hajji ko umra. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba da damar yin aiki, kuma wanda ya wuce wa'adinta yana iya fuskantar tara, ko tsarewa, ko kora.

Ya kamata hakimai, masu gari da malaman yaƙi da jahilci su faɗakar da jama'a: a yi katin ɗan ƙasa, a duba wa'adin fasfo, a guji dillalan biza na ƙarya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.