Kalmomin Lingala da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya sauka a Kinshasa

Duk wanda ya nufi Kinshasa ko Brazzaville da niyyar kasuwanci, karatu ko aiki, zai tarar Faransanci ne harshen ofis da takardu, amma a kasuwa da tasha da cikin unguwa Lingala ake ji. Baƙon da ya iya gaisuwa da tambayar farashi da wannan harshe yakan samu sauƙin ciniki, kuma ba a saurin yi masa kallon wanda bai san gari ba.

Lingala na cikin harsuna huɗu na ƙasa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, tare da Swahili da Kikongo da Tshiluba. A Kwango Brazzaville ma harshen ƙasa ne. Ya samo asali daga Bobangi, harshen fatake a Kogin Kwango a ƙarni na 19, ya bazu ta hanyar soja, musamman zamanin Mobutu Sese Seko daga 1965 zuwa 1997, sannan mawaƙa irin su Franco da Papa Wemba da Awilo Longomba suka kai shi sauran Afirka. Sai dai mai zuwa Goma ko Bukavu ko Lubumbashi ya sani cewa a can Swahili ne ke da rinjaye.

Gaisuwa

Kamar a ƙasar Hausa, ba a fara magana sai an gaisa. "Mbote" ita ce sannu, ana faɗinta a kowane lokaci na yini. Ga mutum ɗaya a ce "Mbote na yo", ga jama'a kuma "Mbote na bino". "Sango nini?" daidai take da ina labari, amsarta "Sango malamu", wato sai alheri. "Ozali malamu?" na nufin kana lafiya, a amsa da "Nazali malamu".

Ana kiran dattijo "Papa" ko "Tata", mace babba "Mama", tsara kuma "ndeko", wato ɗan'uwa. Godiya ita ce "Matondo" ko "Melesi", ban haƙuri kuma "Limbisa ngai". Wajen rabuwa, mai tafiya ya ce "Tikala malamu", a zauna lafiya, wanda aka bari ya amsa "Kende malamu", a sauka lafiya.

Gabatar da kai

"Kombo na yo nani?" tambayar suna ce, amsa kuwa "Kombo na ngai" sai a ambaci suna. "Nauti Nigeria" na nufin daga Najeriya na zo. Idan magana ta yi sauri, "Loba malembe" roƙo ne a yi ta a hankali, "Nayoki te" kuma ban ji ba ne.

A nan akwai ƙa'ida mai amfani: "te" ita ce a'a, kuma idan aka sa ta a ƙarshen jimla takan kore maganar. "Nalingi" ina so, "Nalingi te" ba na so. Amincewa kuwa "Ee" ce, kusan yadda Bahaushe ke faɗa.

Kasuwa da hanya

Kasuwa "zando" ce, kuɗi "mbongo". "Talo boni?" ita ce nawa ne, "Talo mingi" ya yi tsada, "Kitisa talo" a rage. Ƙirga daga ɗaya zuwa biyar shi ne moko, mibale, misato, minei, mitano, goma kuma zomi. Amma mutanen Kinshasa sun fi faɗin farashi da lambobin Faransanci, don haka yana da kyau a koye su. A tabbatar kuma da kuɗin da ake nufi kafin a sallama, domin faran na Kwango da dalar Amurka duk suna yawo a birnin, yayin da Brazzaville ke amfani da sefa.

"Wapi" na nufin ina. "Zando ezali wapi?" ina kasuwa take, "Lopitalo ezali wapi?" ina asibiti yake. Hannun dama "loboko ya mobali" ne, wato hannun namiji, hagu kuma "loboko ya mwasi", hannun mace.

Abinci da lafiya

Shinkafa "loso", kifi "mbisi", kaza "soso", miyar ganyen rogo da aka fi sha kuma "pondu". Musulmi matafiyi zai amfana da jimloli biyu: "Naliaka ngulu te", ba na cin alade, da "Namelaka masanga te", ba na shan giya.

Idan rashin lafiya ta taso, "Nazali kobela" na nufin ba ni da lafiya, "Salisa ngai" a taimake ni. Likita "monganga" ne, magani "nkisi".

Inda ake yawan kuskure

Kalmar "mai" a Lingala ruwa take nufi. "Pesa ngai mai" ba ni ruwa ne, wanda ke son man girki sai ya ce "mafuta".

Sai "lobi", wadda ke nufin jiya da gobe gaba ɗaya, yanayin aikatau ne ke bambanta su. "Nayaki lobi" na zo jiya, "Nakoya lobi" zan zo gobe. Ɗan kasuwar da aka yi wa alkawarin kaya ko biyan kuɗi da wannan kalma, gara ya nemi a faɗa masa ranar da kwanan wata.

Kamar Hausa, Lingala na da karin sauti: "moto" na iya zama mutum, ko kai, ko wuta, gwargwadon yadda aka furta. Rubutu kaɗai ba zai koyar da wannan ba, saboda haka ana shawartar matafiyi ya saurari masu harshen a rediyo ko intanet, ya kuma rubuta jimlolin a ɗan littafin aljihu kafin ranar tafiya.