Noma Mai Ɗorewa A Dalijan Da Kewaye: Abin Da Muka Sani Da Abin Da Ya Rage

Noma mai ɗorewa shi ne a ci amfanin gona bana ba tare da an kashe ƙarfinta na baɗi ba, har ta kai ga 'ya'ya da jikoki tana bayarwa. Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga manoman Dalijan da sauran ƙauyukan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi. Mun gada daga iyaye cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Mun san haɗa gero da wake ko gyaɗa yana maido wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda muka san amfanin saukar da makiyaya a gona bayan girbi.

To, me ke hana aiki da wannan sani? Dalilai uku ne suka fi fitowa fili. Na farko, karan gero da na dawa, waɗanda ya kamata su rufe ƙasa daga iskar rani, ana kwashe su don kiwo da danga da girki. Na biyu, mai noma gonar aro ko haya ko jingina ba ya zuba takin gargajiya ko rainon itace a inda bai tabbata zai koma baɗi ba. Na uku, takin zamani yana nuna kansa cikin 'yan makonni, alhali itace sai ya ɗauki shekaru, kuma ana gudun wani ya sare shi.

Akwai darasi daga maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma a kan abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su, a yanke sauran. Dabarar ta yaɗu ne sosai bayan da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su riƙa shaida yarjejeniyar aro ko hayar gona ta shekaru da dama, tare da fayyace mai itacen da aka raina a cikinta. Malaman gona na hukumar KARDA da jami'an ƙananan hukumomi kuwa, gonar gwaji a bakin hanyar kasuwa za ta fi dogon jawabi shiga zukata, domin gani ya kori ji.

Ga 'yan'uwanmu manoma, a sharar gona mai zuwa a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage wa ƙasa wani kaso na kara, a kuma daina cinna wa gona wuta. Allah ya ba mu damina mai albarka.