Gargaɗi ga Gidajen Gabi: Mai Jinyar Tsoho Na Gab da Faɗuwa

Jama'ar Gabi da kewaye, a saurara. Duk gidan da gigin tsufa ya kama tsoho ko tsohuwa, a dubi mai jinyar tun yau. Galibi mace ɗaya ce, ɗiya ko suruka. Ita ke wanke tabarmar fitsari kafin a kira asuba. Ita ke dama fura ta ba Baba a baki, ya shanye, baƙo na shigowa ya ce tun jiya ba a ba shi komai ba. Da dare ba ta runtsawa, don kada ya buɗe ƙyaure ya nufi daji, dajin da ko mai cikakken hankali ke shakkarsa saboda ƴan bindiga. Gari na wayewa kuma ga daka, ga rijiya, ga gona.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 na awannin jinyarsu mata ne ke ɗauka. Likitoci har ma'auni suka yi, ma'aunin Zarit mai tambayoyi 22, don auna nauyin da ke kan mai jinya.

Maigida, ba sai ka jira takardar likita ba. Zauna ka tambaye ta: awa nawa kika yi barci jiya? Yaushe rabonki da kasuwa ko gidan suna? Jika nawa kika kashe daga kuɗin sana'arki? Kin taɓa jin kamar ki kai masa hannu? Za ta ce "ba komai", kunya ce, kada ka yarda. In ta rame, tana kuka a ɓoye, ko ta fara yi wa tsohon tsawa, kaya ya fi ƙarfinta.

A raba kwanan jinya tsakanin ƴaƴa, har da maza. Waɗanda ke Maraɗi, Yamai ko Kano su aiko da kuɗin sabulu da magani duk wata. Kada a ɗaure tsoho, kada a kulle shi a ɗaki, kuma don Allah kada wani ya jefi tsohuwa da maita don tana sambatu.

Ku kai tsohon da mai jinyarsa wurin likita, a Gabi ko Madarumfa, a duba har da mai jinyar. In kuwa ruɗewar farat ɗaya ta zo, ko da zazzaɓi, a kai shi a ranar, kada a kwana.