Daren da Kafinta Ya Ƙetare Kogin Bug

Ranar Asabar, 21 ga Yunin 1941, da misalin ƙarfe tara na dare, wani sojan Jamus mai suna Alfred Liskow ya sulale daga cikin 'yan'uwansa, ya faɗa kogin Bug da iyo, ya ɓulla a gaɓar da ke hannun Tarayyar Sobiyet, kusa da garin Sokal. Kafinta ne daga garin Kolberg, mai ra'ayin kwaminisanci tun kafin a sa masa kaki. Masu gadin iyaka suka kama shi jiƙe sharkaf. Ya shaida musu cewa an karanta wa rundunarsu umarni: da asuba Jamus za ta auka wa ƙasarsu.

Aka buga waya, na ƙasa ya gaya wa na sama, har magana ta kai Mosko. Ba a gama yi masa tambayoyi ba aka ji igwa ta fara tashi daga tsallaken kogi.

Ba shi ne farkon mai kawo wannan labari ba. Watanni aka yi ana kawo shi. Richard Sorge, ɗan leƙen asirin Sobiyet da ya samu shiga ofishin jakadancin Jamus a Tokyo da sunan ɗan jarida, ya aiko da gargaɗi. Churchill na Ingila ya aiko da nasa a watan Afrilu. Jiragen Jamus na ta ratsa sararin samaniyar Sobiyet suna ɗaukar hotuna, an kuma hana a harbo su. A ranar 17 ga Yuni aka ajiye wa Stalin, shugaban Sobiyet, rahoto daga wani jami'i da ke cikin ma'aikatar sojojin saman Jamus kanta, mai cewa an kammala shiri. Stalin ya ɗauki alƙalami ya rubuta ashar a kan takardar, ya ce mai kawo labarin mayaudari ne. Kwana uku kafin nan, kamfanin dillancin labarai na TASS ya sanar wa duniya cewa zancen yaƙi tsakanin ƙasashen biyu jita-jita ce kawai.

Yaya mutumin da bai yarda da inuwarsa ba ya toshe kunne haka? Sai an koma 23 ga Agustan 1939. Ran nan ministan harkokin wajen Hitler, Ribbentrop, ya sauka a Mosko, shi da takwaransa na Sobiyet, Molotov, suka sa hannu a yarjejeniyar rashin kai wa juna hari, Stalin na tsaye yana murmushi. Shekaru aka shafe 'yan Nazi da 'yan kwaminis suna zagin juna, kowa na kiran ɗan'uwansa annobar duniya, sai ga shi an wayi gari sun ƙulla. A ɓoye kuma akwai wani shafi da suka raba gabashin Turai a tsakaninsu. Ranar 1 ga Satumba Jamus ta shiga Foland daga yamma, ranar 17 ga wata Sobiyet ta shiga daga gabas. Daga nan yaƙin da tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila ya kama.

Lissafin Stalin shi ne Jamus da Faransa da Ingila su yi ta gwabzawa shekara da shekaru har su gaji, shi kuma yana gefe yana tara ƙarfi. Sai Faransa ta faɗi cikin mako shida a 1940. Duk da haka bai sauya lissafi ba. Ya tsaya a kan cewa Hitler ba zai buɗe fage na biyu ba alhali bai gama da Ingila ba, kuma duk wani gargaɗi makircin Ingila ne don ta haɗa shi faɗa da Jamus. Tafiyar da Rudolf Hess, mataimakin Hitler, ya yi shi kaɗai a jirgi zuwa Birtaniya a watan Mayun 1941 ta ƙara masa wannan zargi. Saboda haka ya ci gaba da lallashin Hitler da hatsi da man fetur da ma'adinai. Har a daren da Liskow ke iyo a Bug, jiragen ƙasa ɗauke da kayan Sobiyet suna tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Jamus.

Kuskuren lissafi kowane shugaba yana yi. Abin da ya mai da na Stalin bala'i shi ne ya riga ya kashe waɗanda za su iya ce masa ya yi kuskure. Daga 1937 zuwa 1939 ya yi wa rundunarsa yankan rago: uku daga cikin manyan hafsoshi biyar masu muƙamin mashal aka kashe, har da Tukhachevsky, aka kuma kore ko aka kama dubban hafsoshi. Shugabannin leƙen asirin soja bi da bi aka harbe su. Wanda ke kan kujerar a 1941, Janar Golikov, ya san makomar magabatansa, don haka in rahoto ya zo da abin da maigida ba ya son ji, sai ya haɗa da sharhin cewa mai yiwuwa ƙaryar abokan gaba ce.

A daren da Liskow ya ƙetare, manyan hafsoshin soja Timoshenko da Zhukov suka roƙi Stalin a sa runduna cikin shirin yaƙi. Abin da suka samu takarda ce mai baki biyu, wadda ba ta fita ba sai bayan tsakar dare: ku zauna a shirye, amma kada ku biye wa tsokana. Rundunoni da yawa ba ta ma iske su ba, don an riga an datse wayoyi. Kafin gari ya waye sojojin Jamus da ƙawayenta fiye da miliyan uku suka kwararo, daga tekun Baltik har zuwa Baƙin Teku. A rana ta farko Sobiyet ta yi asarar jiragen sama sama da 1,200, akasarinsu a ƙasa suna jere. Molotov ne ya sanar da jama'a a rediyo da tsakar rana. Ba a ji muryar Stalin ba sai 3 ga Yuli. Janar Pavlov, kwamandan fagen yamma wanda ya bi umarnin kada a tanka, shi aka ɗora wa laifi, aka harbe shi cikin watan Yuli. Liskow kuwa, an yi ta buga hotonsa a jaridu na ɗan lokaci, a farkon 1942 'yan sandan ciki na Stalin suka kama shi, daga baya sawunsa ya ɓace.

Shi ma Hitler yana da tasa makantar. Tun a littafinsa na shekarun 1920 ya rubuta cewa Jamus za ta nemi fili a gabas, kuma bai ɗauki mutanen can a bakin cikakkun mutane ba. Ya yi imani 'yan watanni sun isa, har ba a tanadi isassun kayan sanyi wa sojoji ba. A wasu ƙauyukan Yukren, inda yunwar da mulkin Stalin ya haddasa a 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi, an tarbi Jamusawa da burodi da gishiri. Ba a daɗe ba mutane suka ga abin da ya zo musu. A kwazazzabon Babi Yar da ke Kiyef, cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941, an harbe Yahudawa 33,771. Fursunonin yaƙin Sobiyet fiye da miliyan uku suka mutu a hannun Jamus, yawancinsu da yunwa. Talakan da ke tsakanin waɗannan mutane biyu bai da tudun dafawa, kuma zaluncin Hitler ne ya tura masu ƙin Stalin suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutarsa.

Stalin bai daddara nan da nan ba. Zhukov ya ba shi shawarar a janye daga Kiyef, ya sauke shi daga shugabancin hafsoshi. A Satumba aka yi wa sojoji fiye da 600,000 ƙawanya aka kama su. Ya kafa dokar cewa wanda ya miƙa wuya maci amana ne, iyalinsa ma za su ɗanɗana. Da Jamusawa suka kama ɗansa Yakov a watan Yuli, matar ɗan nasa ma ba ta tsira daga kurkuku ba. Amma da Sorge ya aiko cewa Japan ba za ta kawo hari daga gabas ba, wannan karon an saurara. Aka kwaso rundunoni daga Saiberiya da gabas mai nisa, ranar 5 ga Disamba suka tura Jamusawa baya daga ƙofar Mosko. Kwana shida bayan haka, ba tare da wani ya tilasta masa ba, Hitler ya shelanta yaƙi a kan Amurka. Kafin watan ya ƙare ya sallami babban kwamandan sojojin ƙasa ya ɗauki muƙamin da kansa.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Wuya ta koya wa Stalin ya riƙa barin manyan hafsoshinsa Zhukov da Vasilevsky su yi aikinsu, ko da yake rashin tausayinsa na nan: a Yulin 1942 ya ba da umarni mai lamba 227, ba ja da baya ko taku ɗaya, aka jera masu bindiga a bayan sojojinsa. Hitler kuwa kullum ƙara raina janar-janar ɗinsa yake yi. A 1942 ya raba rundunarsa biyu, ɗaya ta nufi rijiyoyin man Kokesas, ɗaya ta nufi Stalingrad a bakin kogin Bolga. A ranar 19 ga Nuwamba Sobiyet ta ɓarke ta gefuna, inda sojojin Romaniya marasa isassun makamai ke tsaro, cikin kwana huɗu ta rufe runduna ta shida ta Jamus da ke ƙarƙashin Janar Paulus a Stalingrad.

Akwai damar fasa ƙawanyar a kwanakin farko, hafsoshi sun nemi izini, Hitler ya hana. Göring, shugaban sojojin saman Jamus, ya yi alkawarin ciyar da su ta sama, abin da jirage suka iya kaiwa bai kai ko rabin bukatarsu ba. Suka cinye dawakansu. A ƙarshen Janairun 1943 Hitler ya ɗaga Paulus zuwa muƙamin fil mashal, da sanin cewa ba a taɓa kama Bajamushe mai wannan muƙami da rai ba. Nufin Hitler shi ne Paulus ya kashe kansa. Paulus ya miƙa wuya ranar 31 ga wata, sauran suka ajiye makamai ranar 2 ga Fabrairu. Kimanin 91,000 aka kora zuwa sansanonin Stalin cikin ƙanƙara, da yunwa da cuta a jikinsu. Waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba, na ƙarshensu sai a tsakiyar shekarun 1950.